Gudumar Sidi a Faifan Mutanen Finland

Abin da na fara gani da na sauko daga motar makaranta shi ne kyanwa kwance a kan uwar maƙera. Ƙofar shagon Sidi a buɗe take rabi, ba lokacin salla ba ne, kuma babu ƙarar guduma. Kyanwar ta layinmu ce, mai kunne ɗaya. Ta daɗe tana zagaya shagon, ba ta taɓa samun ƙarfin halin shiga ba. Da na gan ta tana lasar ƙafa a kan ƙarfen nan hankali kwance, ban jira wani ya gaya mini komai ba. Na tsaya da jakata a baya har wata maƙwabciya ta fito ta ja hannuna zuwa ciki.

Sidi kakana ne, mahaifin Baba. A nan Makka haka muke kiran kaka namiji, mace kuma Sitti. Ya rasu da hantsi, a zaune, bayan ya kurɓi shayi ya ce ya huce. Aka yi masa salla a Harami bayan la'asar. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Kwana uku aka yi ana zaman makoki. Maza a kan kujeru a bakin titi, ƙarƙashin fitilun da aka jera a igiya, mata kuma a falon Sitti. Ni aka ba zuba gahawa da miƙa dabino, aikin da ba ya son magana. Da haka na ji abin da kowa ya faɗa. Wata mai tuyar waina ta nan unguwarmu Mansur ta ce ya sha gyara mata murfin tukunya bai karɓi komai ba, sai dai duk zuwa sai ta sha faɗa a kan yadda take wulaƙanta murfi, har ta gwammace a ce kuɗi yake karɓa. Wata ta ce mijinta ya shekara ashirin yana ƙoƙarin riga shi zuwa sahun farko, bai taɓa dacewa ba. Ta taga kuma na ji wani dattijo daga unguwar Rusaifa yana rantsuwa cewa kunnen marigayin bai taɓa sanin kiɗa ba, ko shagon da ake kiɗa zai wuce sai ya sauya hanya. Na ga Baba ya gyara zama. Sitti kuma ta kama tari.

A rana ta biyu Kawu ya kira ta bidiyo daga Finland. Shi ne autan Sitti, bai samu damar zuwa ba. Baba ya shigo da wayar falo, ya ɗaga ta don mata su yi masa gaisuwa. Ana cikin haka sai ga wani ƙaton Bature ya leƙo ta kafaɗar Kawu, gashi har ƙirji, gemu har ƙirji, hannu duk zane, idonsa jajur. Ya dafa ƙirji ya ce, "Allah ya jiƙansa," da wata irin Hausa kamar yana tauna ƙanƙara. Baba ya kife wayar a cinyarsa ya ce layi ne ya haɗu. Wata tsohuwa ta tambaya wace hajiya ce wannan mai gemu.

Ni na san ko wane ne. Mawaƙi ne, kuma a cikin akwatin Sitti akwai faifan waƙoƙinsu shi da abokansa. Da mata suka ragu, Baba ya ce da zarar an tashi daga makoki faifan nan zai bar gidan. Shi ke nan kuwa wurin da ƙarar gudumar Sidi ta rage a duniya, in ban da kunnuwanmu.

Sidi maƙeri ne. Yana yaro ya zo Makka tare da mahaifinsa ta Sudan, kuma a hanya ya koyi sana'ar. Da girma ya zo masa sai ya tsaya a kan gyaran tukwane: manyan tukwanen masu dafa wa alhazai, butoci, faranti, ludayi, duk abin da ya lotse ko ya lanƙwashe. Yana aiki yana magana da su. Tukunyar da ta yi gardama zai ce mata ta fi wadda ta kawo ta taurin kai. A gida kuma ba ya amsa Larabci. In na manta na yi masa, sai ya waiga hagu da dama ya ce wa ya shigo da ma'aikacin baladiyya, wato hukumar gari. Ni Bebiya yake kirana, saboda ba na magana. Yakan ce duk jikokinsa ni kaɗai ce ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, don ban taɓa ce masa komai ba.

Yana da doka ɗaya da ya gada: ba a dukan uwar maƙera a banza. Guduma ba ta sauka sai akwai aiki a ƙarƙashinta. Ko yaro ya ɗauka ya ƙwanƙwasa da wasa, ranar sai unguwa ta ji. Ban taɓa jin ya faɗi dalili ba. In an tambaye shi sai ya ce shi ma bai tambayi ubansa ba, kuma ga shi ya kai tsufa lafiya.

Kawu karatu ya kai shi Finland, da ya gama sai ya samu aikin tuƙa motar wasu mawaƙa da ɗaukar musu kaya. Sidi yana gaya wa mutane ɗansa harkar sufuri yake yi. Irin kiɗan nasu shi ake kira metal: ganguna kamar ana sauke lodin rodi, jita tana gurnani, mutum ɗaya kuma yana kururuwa daga maƙogwaro. Wata rana Kawu ya kira Sidi yana tsakiyar aiki. Aka jingina wayar a jikin buta, Sidi ya ci gaba da bugu yana amsa gaisuwa. Ashe mawaƙan suna cikin motar suna ji. Kawu ya ce ƙaton nan ne ya sa aka tsayar da mota a gefen hanya.

Labarin da Kawu ya kawo mana, lokacin da ya zo umara bayan wasu watanni, shi ne suna haɗa sabon faifai. Sun kulle kansu a wani gidan katako a bakin tafkin da ya daskare, a lokacin da rana ke leƙowa ta koma kamar ta yi mantuwa. Mahaifin mawaƙin maƙeri ne a ƙauye, ya rasu, kuma faifan gaba ɗaya a kansa yake. Waƙoƙin suna bin yinin maƙera ne, ta farko hura wuta, ta ƙarshe toka. A tsakani akwai ta sanyi, akwai ta hannuwan uban, akwai ta ɗan da ya tafi birni ya dawo ya tarar da kayan aiki a rataye bai san sunan ko ɗaya ba. Suna son ƙarar guduma ta ratsa faifan. Mai gangarsu ya gwada, amma mawaƙin ya ce wannan bugun mai ganga ne, ba na wanda yake gyara wani abu ba.

Kawu ya nuna wa Sidi hotonsu. Sidi ya kawar da kai, ya ce a ce musu su yafa mayafi tukuna. Da aka matsa masa ya duba da kyau ya ga gemu, sai ya sake dubawa. Aka sa masa kaɗan daga waƙar da suka fara ɗauka. Ya tambaya wa ya taka mutumin. Kawu ya ce kukan rashin ubansa yake yi, ya fassara masa ta ɗan da ya tafi birni. Sidi ya dubi Kawu, ya dubi Baba wanda ke aiki a teburin karɓar baƙi na wani otel, ya ce, "Ashe har can ma." Daga nan ya ce a kira masa mutumin, ai ba a jin mutuwa a yi shiru. Ya yi masa ta'aziyya cikakkiya da Hausa, har da tambayar ya haƙuri da ya mutanen gida, Kawu yana fassara abin da ya fassaru. A ƙarshe ya ba shi shawarar zuma da citta saboda maƙogwaron.

Su ba za su iya shigowa Makka ba. Sidi ya ce ai ƙofa a buɗe take, su musulunta su zo su ɗauka da kansu. Tun da ba a samu haka ba, sai suka haɗo Kawu da wata 'yar na'urar ɗaukar sauti mai gashi a ka. Sidi ya raɗa mata ɓeran Turawa.

Baba bai yarda ba. Ya ce kiɗa ne, kuma ba ma kiɗan mutane ba. Ya ce me za a ce a masallaci. Suka kwana biyu ba sa cin abinci a faranti ɗaya. Sidi bai ɗaga murya ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Ni tukunya nake gyarawa. Tun kafin a haife ka mutanen layin nan suke jin gudumata kyauta, ban ga wanda ya taɓa rawa ba." Baba ya ce aƙalla kada a sa sunansa a jiki. Sidi ya ce wannan kuma daidai ne, tukunya ma ba ya sa mata suna. Sitti ta tsaya a bayan Baba. Ta ce ta aurar da kanta ga maƙeri, ba ta shirya tsufa da makaɗi ba.

Da farko Kawu ne ya riƙe na'urar, amma duk bugu sai ya ce "yauwa," kuma numfashinsa ya fi gudumar fitowa. Sidi ya ce a ba Bebiya. Haka na samu kaina kullum bayan makaranta a kan wata 'yar kujera a kusurwar shago, na miƙa hannu da ɓera, ina kallon yadda gudumar take sauka sau biyu a kan tukunya, ta uku kuma ta ɗan huta a gefe kafin ta sake tashi.

Matsalar da ba wanda ya hango ita ce dokar Sidi. Mutanen Finland sun ɗauka za a ce masa ya buga, ya buga, a ce ya sake, ya sake. Shi kuwa da tukunya ta miƙe sai ya ajiye guduma, ko da ana tsakiyar ɗauka ne. Kawu zai roƙe shi ya ƙara ko kaɗan, shi kuma ya tambaye shi a kan me. Ga shi ba lokacin aikin hajji ba ne, tukwane ba sa shan wahala. Wanda aka ɗauka kuma rabi ya lalace: wani kiran salla ya shiga, wani ƙarar na'urar sanyaya ɗaki, wani kuma mai waina ta zo tana talla. Akwai guda da Kawu ya tura musu, suka aiko suna ta yabo, suka ce irinsa suke so. Da muka saurara sai ga shi leburan ginin bayanmu ne yake dukan rodi, lokacin Sidi ya tafi alwala. Ranar Sidi bai yi wa Kawu magana ba har dare.

Kawu ya bi gida gida yana cewa duk mai lotsattsen abu ta kawo, gyara kyauta. Mata suka yi ta fitowa da kayan da suka manta suna da su. Labari ya kai har unguwar Kudai, wani mai dafa abinci ya zo da tukwane cike da bayan mota. Kafin mako ya zagayo babu sauran lotsattsen murfi a Mansur. Ga tafiyar Kawu ta matso, kuma saura babba: waƙar toka, wadda suke son bugu mai tsawo, a hankali, ba tsayawa.

Kawu ya sayo sabuwar tukunya, ya hau soro da ita da dutse. Muna jin sa daga ƙasa. Ya sauko ya miƙa wa Sidi yana cewa faɗuwa ta yi. Sidi ya juya ta, ya shafa lotsawar da babban yatsa, ya mayar masa. Ya ce tukunyar da ta faɗi wuri ɗaya take lotsewa, wannan kuwa an zauna an yi mata. Gyara ta da dukan banza duk ɗaya ne.

Washegari da rana aka yi rigimar da har yanzu maƙwabta suke tunawa. Sitti ta fito tsakar gida tana faɗa: gidanta ya zama kasuwar 'yan gwangwan, ɗanta zai rasa aikinsa saboda taurin kan tsoho, tsohon kuma ya rasa inda zai nuna gadonsa sai a kan yaro. Sidi yana zaune yana cewa to, to. Wannan "to" ɗin ce ta fi ba ta haushi. Ta ɗauki tukunyar jan ƙarfen da aka kawo ta gidan aure da ita, ta maka ta da bango.

Sidi ya tashi ya ɗauko tukunyar, ya juya ta a haske, ya daɗe yana dubawa. Sai ya ce, "Wannan lotsawar gaskiya ce. Bebiya, ɗauko ɓeranki."

Ni ina bakin ƙofar kicin lokacin, kuma na ga abin da ban gaya wa kowa ba sai yanzu. A kusa da hannun Sitti akwai kofin gilashi, akwai farantin roba, akwai taɓarya. Duk ta tsallake su. Sai da ta yi ɗage ta sauko da tukunyar daga saman kantar kwanuka, ta zubar da albasar da ke ciki a tire a hankali, sannan ta jefa.

Gyaran ya ɗauki tun bayan azahar har kusan la'asar, don jan ƙarfe tsoho ba ya son gaggawa. Ba wanda ya shigo, leburorin ma suna hutu. Can wajen ƙarshe, Sidi ya manta da ni da ɓeran, ya ce wa tukunyar, "Yi haƙuri, saura kaɗan." Kawu ya koma da na'urar da duk abin da ke cikinta, da kwalbar zuma da ƙullin citta na mai maƙogwaro.

Faifan ya iso bayan kusan shekara, a jakar wani alhaji. Bangonsa baƙi ne, da hoton guduma a cikin dusar ƙanƙara. Sidi ya saurare shi sau ɗaya tak, a shago, ƙofa a rufe, da 'yar na'urar da Sitti take jin karatu da ita. Ni ce na saƙala masa abin kunne. Na ga girarsa tana tashi tana sauka. Ya ce mai gangar sauri yake kamar an biyo shi, kuma da alama mutumin bai sha zumar ba. Da aka zo waƙar ƙarshe, inda komai yake mutuwa a bar guduma ita kaɗai, sai ya ɗaga yatsa ya ce tukunyar Sitti ce wannan, ga gefen da ya bugi bango. Sun bar maganarsa a ciki, a daidai ƙarshe. Ya cire abin kunnen ya ce wannan uban ya samu ɗa, ko da bai koyi sana'a ba. Ya ba Sitti faifan ta ajiye. Ta ce ba za ta taɓa jin wannan haukan ba.

A rana ta uku ta makoki na lura Sitti tana zaune a kusurwa da carbi, wayar abin kunne ta bi ta ƙarƙashin mayafinta. Mata suna ta cewa baiwar Allah, ta riƙe karatu. Amma ni na ga kafaɗarta tana zabura lokaci lokaci, tana runtse ido kamar mai jiran allura. Maɓallin turawa gaba na na'urar ya daɗe da lalacewa. Kafin ta kai ga gudumar, dole sai ta bi ta cikin kururuwar duka. Da na durƙusa zuba mata gahawa ta raɗa mini, "Wannan mai ciwon cikin, yaushe zai gama?" Na nuna mata da yatsa saura kaɗan.

Da haka aka tsaya da ba a ji ba. Sai wata tsohuwa daga Kudai ta matso, ta ce bari ita ma ta samu albarka, ta zare kunne ɗaya ta saka. Ban taɓa ganin mai shekarunta ta miƙe da sauri haka ba. Gahawa ta kife, ta yi ta neman tsari tana tofa wa hagunta. Sitti ta karɓe abinta ta ce batir ne ya yi sanyi.

Labari ya kai wa Baba kafin gahawar ta bushe. Bayan la'asar, ana loda kujerun haya a mota, ya shigo falon ya cire faifan daga na'urar. Bai yi faɗa ba. Ya durƙusa gaban Sitti, ya ce tsoro yake ji. Mutane a ƙasashen da ba mu sani ba suna ta jin wannan abu suna girgiza kai, kuma yana gudun a riƙa rubuta wa mahaifinsa yana kwance. Na can ba shi da iko da su, amma na cikin gidansa yana da shi. Yana maganar hawaye na sauka a gemunsa. Sitti ta ce ita ba malama ba ce. Abin da ta sani shi ne tun tana amarya da ƙarar nan take barcin rana, yanzu kuma shirun ne yake tashin ta.

Allah ya jiƙan Sidi, ya sa ya huta, ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ya miƙar da tukwanen unguwa guda, Allah ya miƙar masa da hanya.

Baba ya miƙe da faifan a hannu, ya nufi ƙofa. Ban san lokacin da na buɗe baki ba. Na tambaye shi in da gudumar ce kaɗai, babu ganga babu kururuwa, kiɗa ne ko aiki. Sai da ya waiwaya yana neman wanda ya yi magana. Ya yi tunani ya ce wannan aiki ne, babu komai a ciki, amma ai an riga an dama, ba a tsame gero daga fura. Na ce ba haka suke yi ba, Kawu ya gaya mini kowane sauti daban suke ajiye shi, sai a ƙarshe su haɗa. Baba ya dubi Sitti. Ya zaro wayarsa ya kira, ya miƙo mini.

Ban taɓa yi wa Kawu magana a waya ba, hannu kawai nake ɗaga masa. Da fuskarsa ta fito ya ga ni ce, sai ya tambaya ko lafiya. Na ji Sitti ta ajiye carbinta.

Na ce, "Kawu, don Allah ka ce wa mutumin nan ya cire kansa da abokansa, ya aiko mana da Sidi shi kaɗai. Duka, har da inda yake tari. Kada su goge komai."